Asibitin Kuɗi a Kano: Abin da Ake Saye da Abin da Ba a Samu

Kalmar “asibitin kuɗi” a bakin Bakano ta haɗa wurare iri uku da ba abin da ya gama su sai allon ƙofa. Akwai manya, irin waɗanda ake gani a Nassarawa da Bompai da kewayen Titin Gidan Zoo, masu ɗakin tiyata fiye da ɗaya, da ɗakin gwaji, da likita dare da rana. Akwai matsakaita, yawanci na ƙwararren likita guda ne da ya gina wurin a kan sunansa, ko likitan mata ko likitan fiɗa, da gadaje goma zuwa ashirin. Sai kuma gidan haya da aka mayar da falonsa wurin jira, ɗakin uwargida ya koma ɗakin haihuwa, kicin ya koma wurin ba da magani. Duk ukun suna rubuta “awa 24” a jikin allo, duk ukun kuma suna karɓar kuɗi kafin a taɓa mutum.

Wannan sharhi ya fi karkata ga na tsakiyar, don nan ne yawancin ma’aikata da ’yan kasuwa suke zuwa, har da masu tasowa daga Jigawa da Katsina da Damagaram. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: abin da asibitin kuɗi yake sayarwa lokaci ne da sutura. A ganin likita a koma gida, kuɗinka ya biya. A tiyatar da aka shirya ta da rana tsaka, sau da yawa ya biya. A gaggawa ta gaske kuwa, da kuma daren farko bayan tiyata, nan ne ake gane wanda ya gina asibiti da wanda ya gina masauki. Tayil da na’urar sanyi da talabijin a bango ba sa gaya maka komai a kan ƙarfe biyun dare.

Ganin likita a koma gida

Nan ne ƙarfinsu yake, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Wanda ya san sammakon layin kati a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san darajar ka shiga wuri, ka yanki kati, a auna jininka da nauyinka da zafin jikinka, ka ga likita, ka yi gwaji, ka karɓi magani, duk tsakanin la’asar da magariba. Ƙwararrun da ake yi wa jiran makonni a asibitin koyarwa, da yawansu su ne dai suke zama a waɗannan wurare da yamma bayan an tashi aiki. Mai hawan jini ko ciwon suga yana samun abin da layin gwamnati ba ya iya ba shi: likita guda da ya san fayil ɗinsa wata bayan wata. Mace mai son likita mace ta duba ta, nan ma ta fi samun yadda take so.

Aibin yana cikin yadda asibitin yake cin riba. Kuɗin ganin likita bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da ke shigowa ta ɗakin gwaji da ɗakin magani, don haka hannu yakan yi nauyi wajen rubutu. Shahararren misali shi ne “maleriya da taifot”, tagwayen da kusan duk mai zazzaɓi yake fitowa da su. Gwajin Widal da ake dogara da shi ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma a gari irin Kano, inda mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar tun suna yara, lafiyayyen mutum ma yakan fito da sakamako mai nuna “akwai”. Gwajin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji, wato a ba ƙwayar cutar damar yaɗuwa har a gan ta, a jira kwana biyu zuwa uku ko fiye. Asibitin da yake ɗora wa kowane mai zazzaɓin kwana biyu allurar kashe ƙwayoyin cuta ta kwana biyar saboda Widal, aljihunka yake yi wa fiɗa. Ita kuwa maleriya gwajinta na tsinke minti 15 zuwa 20 ne, babu dalilin a yi maganinta da ka.

Haka ƙarin ruwa. Mutumin da yake iya sha da bakinsa, ba ya amai, bai galabaita ba, ba ya buƙatar leda a hannu. Ruwan nan mai launin ɗorawa da ake yi wa kallon mai ƙarfi, bitamin B ne kawai aka zuba a ciki. Laifin ba na asibitin kaɗai ba ne, mu ma mun saba da cewa idan ba a yi allura ba, ba a yi magani ba, su kuma suna sayar mana da abin da muka zo nema.

Ƙananan abubuwa ne suke nuna wurin kirki. A bar ka ka zauna kamar minti biyar kafin a auna jini, a yi amfani da ɗamarar da ta dace da kaurin hannunka, kada a yanke maka hukuncin hawan jini da awo ɗaya sai in ya yi tsananin hawa. Mai ciwon suga a riƙa yi masa gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, a duba ƙafafunsa, a tura shi awon ido. Kowane magani ya zo da sunansa da ƙarfinsa a rubuce. Idan aka miƙo maka ƙwayoyi tsirara a ’yar leda da “1-1-1” kaɗai, nemi a rubuta suna, don ranar da jikinka ya ƙi maganin, likita na gaba sai ya san me ka sha. Kana da ikon karɓar takardar magani ka saya a waje, da ikon tafiya da sakamakon gwajinka da hotonka. Wurin da ya ɓata rai a kan wannan ya gaya maka ko shi wane ne.

Gaggawa

Doka a fili take. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma’aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 ta waɗanda aka harba ta ce a karɓe su ba tare da jiran takardar ’yan sanda ko kafin alƙalami ba, asibitin ne zai sanar da ’yan sanda cikin awa biyu da fara jinya. A aikace kuwa, “a je a yi dipozit” ita ce jimlar farko da dangi suke ji a wurare da yawa. Mai asibiti zai ce da kuɗinsa yake sayen dizal da iskar oksijin, kuma ya sha cin bashin da ba a dawo biya ba. Gaskiya ne. Amma wurin kirki yana haɗa biyun ne a lokaci guda: nas na sa kanula, wato allurar robar da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa, likita na duba numfashi, ɗan’uwa na can yana magana da mai karɓar kuɗi. Wurin da majinyaci yake kwance a kujerar adaidaita sahu har sai alat ya shigo, ya faɗi jarrabawa tun daga ƙofa.

Minti goman farko ba sa buƙatar na’urar miliyoyi. Ana buƙatar ’yar na’urar yatsa mai auna iskar jini, da ta auna suga, da injin zuƙe majina, da jakar hura numfashi ta manya da ta yara, da kanula masu faɗin baki, da ruwan gishiri, da magungunan ceto a cikin akwati guda da ba a kulle da makullin da ke aljihun wanda ya tafi gida ba. Duk wanda aka kawo a sume, suga ake fara aunawa, don faɗuwar suga tana kashewa cikin sauri kuma gyaranta allura ɗaya ce. Mai juna biyu da ke jijjiga maganinta magnesiyum salfet ne, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu a karon farko. Yaro mai maleriya mai tsanani allurar atesunet ake fara masa nan take, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Asibitin da ke karɓar haihuwa da yara amma yana aiken dangi kemis neman waɗannan da tsakar dare, bai cancanci allonsa ba.

Iska ita ce inda aka fi yaudarar ido. Injin nan mai tayoyi da ke tace oksijin daga iskar ɗaki yana da amfani, amma yawancinsu lita 5 suke bayarwa a minti, kuma da wuta ta ɗauke sun tsaya. Wanda numfashinsa ya yi tsanani yana iya buƙatar lita 10 zuwa 15 a minti, wannan kuwa sai tukunyar iska. Tambayar ba “kuna da oksijin?” ba ce, kowa zai ce e. Tambayar ita ce tukwane nawa ne cike a yanzu, kuma wa zai sauya idan ɗaya ta ƙare da asuba. Awon iskar jini na mai lafiya 95 ne zuwa sama. Idan ya sauka ƙasa da 90 yana ci gaba da sauka duk da iskar da aka sa, maganar ta wuce ƙaramin asibiti.

Sai jini. Matsakaitan asibitoci da yawa ba su da ma’ajiyar jini tasu, sai a ce dangi su kawo mai bayarwa ko a aika wani ɗakin gwaji a sayo. Kafin a samo mutum, a gwada rukuninsa, a tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, a haɗa jininsa da na majinyaci a ga sun karɓi juna, awanni sun tafi. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta da waɗannan awannin. Jini a firjinsa na musamman yake zama, a sanyin digiri 2 zuwa 6, ba a firjin lemo ba. Ledar da aka ɗauko a bayan babur cikin zafin watan Afrilu ba tare da kula ba, ita kanta haɗari ce.

Saboda haka akwai lalurorin da kai su ƙaramin asibitin kuɗi ɓata lokaci ne, ko da yana bayan gidanka: bugun kai da ya sa mutum ya sume ko yake amai, haɗarin mota mai karaya da yawa, ƙuna mai faɗi, shanyewar ɓarin jiki da ke buƙatar hoton ƙwaƙwalwa kafin a san ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, da jariri bakwaini da zai shiga kwalba. Waɗannan na Malam Aminu Kano ne, ko Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko ɗaya daga ’yan manyan asibitocin kuɗi da ka tabbatar suna da ɗakin kulawa ta musamman. Ƙaramin asibiti zai iya tsayar da jini, ya sa ruwa, ya ɗaure karaya, sannan ya tura. Turawar ma da tsarinta: a buga waya a tabbatar akwai gado, a rubuta takarda mai ɗauke da abin da aka gani da abin da aka bayar da ƙarfe nawa, a bar kanula a hannu, nas ta raka da tukunyar iska. Mafi munin abin da ake yi shi ne a riƙe majinyaci kwana uku ana cin kuɗin gado, sai ya fara shure-shure a ce “ku kai shi Malam”, ba takarda, ba mota. Likitan da ya ce maka tun a awa ta farko “wannan ya fi ƙarfinmu”, riƙe shi da kyau.

Tiyata

Ga tiyatar da aka tsara, kamar gwaiwa, da ƙarin mahaifa, da haihuwar da aka san tun wuri sai an yi aiki, da maƙoƙo, da basir, asibitin kuɗi yana da hujja mai ƙarfi. Ba jiran watanni, ba ɗage rana saboda jerin ya yi tsawo, ba yajin aiki. Kai ka zaɓi likitanka, shi zai yi aikin, shi zai duba ka bayansa. Amma tiyata ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma abin da ake ragewa don a sauƙaƙa farashi yawanci shi ne abin da majinyaci ba ya gani.

A fara da mai wuƙar. Kowane likita sai da lasisin shekara na Majalisar Likitoci ta Najeriya, asibitin kuma sai da rajistar hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu a Jihar Kano, kuma takardun a bango ya kamata su kasance. Ƙwararre shi ne wanda ya ƙara shekaru na horo ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta kwalejin ƙwararru ta ƙasa, shi ne za ka ga FWACS ko FMCS ko FMCOG a bayan sunansa. Ba muna cewa likitan da bai kai wannan mataki ba bai iya aiki ba, akwai masu shekaru suna ciro jarirai da gyaran gwaiwa da hannu mai kyau. Abin nema shi ne gaskiya: wa zai yi aikin da sunansa, ya saba yin irinsa, kuma wa zai kira idan ya buɗe ciki ya tarar da abin da bai zata ba. Wasu wuraren sunan babban likita ne a allo, hannun wani ne a ciki.

Tambayar da kusan ba wanda yake yi, alhali ta fi kowacce nauyi, ita ce wa zai ba da maganin barci. Dole ya zama mutum na daban, likita ko nas mai horo na musamman, wanda ba shi da wani aiki sai tsayuwa a kan majinyaci yana kallon numfashi da bugun zuciya da jini daga farko har ƙarshe. Inda likitan fiɗa da kansa zai yi allurar baya, ya zagayo ya wanke hannu ya kama wuƙa, a bar wani yaro yana kallon na’ura, wannan caca ce da rai. Allurar baya, wadda ake yi wa yawancin masu haihuwa, tana da kyau ƙwarai: uwa tana farke, tana jin kukan ɗanta. Amma takan sauke jini cikin mintuna, wani lokaci ta haura ta taɓa numfashi, kuma sai wanda idonsa ke kai, da maganin tayar da jini a sirinji, da kayan zura bututun numfashi a kusa, shi zai kama abin da wuri. Ketamin kuma, maganin barcin da ƙananan wurare suke so don arha da sauƙi, yana da gurbinsa, sai dai yana tayar da jini, bai dace da mai hawan jini ko mai jijjiga ba.

Kafin ranar aiki a yi gwajin yawan jini, da rukuninsa, da na sikila, da suga, da aikin ƙoda, da awon zuciya ga mai shekaru ko mai hawan jini. Aikin da aka san yana cin jini, kamar cire ƙarin mahaifa, kada a shiga sai an ga ledojin da aka tanada da sunan majinyaciya a jiki, ba alkawarin “za a samo” ba. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har asfirin da sassaƙe da jiƙo. Azumin tiyata awa shida ne ga abinci, awa biyu ga ruwa zalla. Kunu abinci ne, shayi da madara ma abinci ne. Tausayin da ke sa uwa ta ɗura wa yaro kunu a ɓoye kafin a shiga da shi yana iya komawa huhunsa idan barci ya ɗauke shi, kuma wannan yana kisa. In an riga an ba shi, a faɗa, a ɗage aikin.

Takardar amincewa ba ta sa hannu a tsaye ba ce. A yi bayani da Hausa: me za a yi, me zai iya faruwa, akwai wata hanya ko babu. Baligar mace mai hankali ita ke da ikon sa hannu a kan jikinta, amma kowa ya san a nan ana jiran maigida, shi kuma yana iya kasancewa a kasuwar ƙauye wayarsa ba ta shiga. A tiyatar haihuwa ta gaggawa, ma’aunin da ake bi shi ne a ciro jariri cikin kusan minti 30 daga yanke shawara. Asibitin kirki yana kashe wannan magana tun a awon ciki, a gaban miji, a rubuce.

Cikin ɗakin tiyata ba a barin dangi, amma ana iya tambaya. Kayan aiki a tukunyar tururi ake gasa su, a digiri 121 na aƙalla minti 15 ko 134 na ’yan mintuna, da tef a jikin ƙunshin da ke sauya launi idan zafin ya kai. Tafasawa a ruwa ba ta kashe komai da komai. Maganin rigakafin ƙwayoyin cuta ana ba da shi ne cikin awa guda kafin yanka, ba a jibga shi mako guda bayan aiki don rufe ƙazanta ba. Janareto a tayar da shi kafin a fara, kada a dogara da wutar Nepa, kuma fitilar aiki da na’urorin sa ido su kasance a kan batir. A ƙirga auduga da almakashi da allurai kafin a buɗe da kafin a rufe. Yawancin waɗannan suna cikin takardar tantancewa mai tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Da aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Takarda ce shafi ɗaya, ba ta cin dizal. Tambayi ko suna cika ta.

Sai daren farko, wanda shi ne zuciyar wannan sharhi. Babban binciken sakamakon tiyata a Afirka da aka wallafa a 2018, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, ya gano cewa majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara ya ninka. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a kan gado, lokacin da matsala ta taso ba a gan ta da wuri ba. Ma’ana, wuƙar takan yi daidai, gadin ne yake gaza.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwararren ya gama aiki ƙarfe tara na dare ya tafi gida, mai ba da barci ya wuce wani asibitin, an bar nas guda da gadaje goma sha biyu da ɗakin haihuwa. Ƙa’ida ita ce a auna jini da bugun zuciya da numfashi duk minti 15 a awar farko, sannan duk rabin awa, sannan a riƙa tazara idan komai ya daidaita, kuma a rubuta a takardar da ke jikin gado. Mai jinya yana iya duba wannan takarda da idonsa. Jinin da ke zuba a cikin ciki ba ya fitowa a bandeji. Alamarsa bugun zuciya ne da ke hawa, 100, 110, 120, da tafin hannu da ke yin fari da sanyi, da ƙishirwa, da rashin natsuwa, da fitsarin cikin leda da ya ragu ƙasa da kamar mililita 30 a awa ga babba. Matashi yakan riƙe awon jininsa daidai har sai ya zubar da mai yawa, sannan ya faɗi gaba ɗaya, shi ya sa “jininta lafiya lau” ba ta isa amsa ba. Bayan tiyatar haihuwa a riƙa taɓa mara a ji mahaifa ta ƙulle tamau, a duba ƙunzugu. Oksitosin da ke ƙulle ta sai an ajiye shi a firji, zafi yana kashe ƙarfinsa, kuma allurar taraneksamik mai rage zubar jini tana aiki ne idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa.

Wannan ne ya sa ɗakin alfarma na mutum ɗaya, wanda aka fi biya wa kuɗi, wani lokaci shi ne mafi haɗari a daren farko: ƙofa a rufe, nesa da teburin nas, ba ƙararrawa. Gara gado a kusa da nas a daren nan, a koma ɗakin alfarma gobe. Kafin ka biya, tambayi ko likita yana kwana a cikin asibitin ko kiransa ake yi, nas nawa ne da dare, minti nawa likitan fiɗa zai ɗauka ya dawo, kuma ina suke turawa idan ana buƙatar na’urar numfashi.

Zafin ciwo a kashe shi, ba jarumta ba ce a bar mutum yana murƙususu, amma a yi hattara da allurar fentazosin da ake maimaitawa kwana da kwanaki, tana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da ita. Daikulofenak kuma ba na mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ba ne. A tayar da majinyaci ya taka tun washegari don kada jini ya daskare a ƙafa. ’Yan dubiya a rage su, ɗaki mai mutum goma sha biyar da kulolin abinci ba ya barin nas ta yi aikinta.

Lissafi da sallama

Farashin tiyata yawanci a dunƙule ake faɗarsa, rigimar kuma tana cikin abin da dunƙulen bai ƙunsa ba: jini, iska da ake lissafawa da awa ko da tukunya, kwanakin da suka ƙaru, jinyar jariri idan ya zo da matsala, da komawa ɗakin tiyata karo na biyu. A rubuta maka su dalla-dalla kafin a fara, kowane biya kuma da rasit. Kundin haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba ka ikon sanin lissafinka filla-filla. Mai inshora, ko ta hukumar NHIA da dokar 2022 ta kafa, ko ta KSCHMA ta ma’aikatan jiha, ya bincika tun yana lafiya ko asibitin yana cikin tsarin, kuma ko an amince masa da tiyata ko ganin likita kaɗai, don aikin da aka tsara sai an samo lambar izini, ita kuwa takan ci lokaci.

Duk abin da aka ciro daga jiki, ƙari ne ko afendiks ko ƙullutun mama, a sa shi a ruwan fomalin a kai ɗakin binciken tsoka. Nuna wa dangi shi a kwano ba gwaji ba ne, kuma kansa nawa aka gano a makare saboda an jefar da ƙullutun farko. Kuɗin wannan gwaji daban ne, sakamakon yakan ɗauki mako biyu ko fiye, kuma sai ka bi sawunsa da kanka.

Kada a fita sai da takardar sallama mai ɗauke da sunan aikin da aka yi, da abin da aka tarar, da irin barcin da aka bayar, da ledar jini nawa aka ƙara, da magunguna, da ranar cire zare, wadda ga ɗinkin ciki takan kama kwana bakwai zuwa goma, da lambar da za a kira da dare. Mai jego da aka yi wa aiki ta jinkirta wankan ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki, ta kuma yi nesa da kunun kanwa, musamman in ta yi hawan jini, don gishirinsa yana ɗora wa zuciya nauyi. Ruɓewar ɗinki ba ta cika bayyana a asibiti ba, sai an koma gida, tsakanin kwana na biyar da na goma. Zazzaɓi, ko ja da kumburi a bakin ɗinkin, ko ruwa mai wari, ko kumburin ciki da amai, ko ƙafa ɗaya da ta kumbura, ko numfashi sama-sama, kowanne daga cikinsu na komawa asibiti ne a ranar, da takardar sallamar a hannu.